DARASI: IN MOTA TA ƘI TASHI, KADA A YI SAURIN ƊORA WA KIK LAIFI

A wannan fitowa za mu ɗan ajiye maganar farashi da takardun kan iyaka, mu taɓa wani abu da ya sha tsayar da mu a hanya.

Kwanakin baya muna dawowa daga kasuwar Adumri, mu huɗu a cikin tsohuwar a-kori-kura, kuɗin ciniki yana jikinmu, sai muka tsaya shan ruwa ana dab da faɗuwar rana. Da muka koma, direba ya murɗa makulli, sai muka ji "ƙas" sau ɗaya, shi ke nan. Ya ce ai kik ya mutu. Da turi muka tashe ta, ba mu sake kashe ta ba sai Garwa. Washegari riwaya ya duba, ya kwance kan batir ya goge ya ɗaure, mota ta tashi bugu ɗaya. Ashe kik lafiyarsa ƙalau, saura kaɗan mu sayi wani a banza.

Yawancinmu har yanzu tsofaffin motoci muke hawa zuwa kara, musamman Fijo 504. Wannan mota ta fara fitowa a Faransa a 1968, kuma kamfanin PAN na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975, ya yi shekaru yana harhaɗa ta. An daɗe da daina yin ta, amma tana da wani alheri: wayoyinta ba su da sarƙaƙiya, mai mota da kansa zai iya gano inda cutar take.

MENE NE AIKIN KIK?

Kik, wanda wasu ke kira sitata, makanikan nan Kamaru kuma suke ce masa demarer, ƙaramin inji ne mai aiki da wutar batir. In an murɗa makulli, wuta kaɗan takan bi siririyar waya zuwa wani ɗan gwangwani da ke goye a bayan kik, wato solonoid. Shi kuma sai ya yi aiki biyu a lokaci ɗaya: ya tura ɗan ƙaramin giya mai suna bendis ya kama haƙoran filawil, sannan ya buɗe wa babbar wuta hanya daga batir. Wutar da kik ke ja tana da yawa ƙwarai, takan haura amfiya 100, ta dizal ma ta fi haka. Shi ya sa ɗan datti ko sako-sako a kan waya ɗaya ya isa ya hana shi juyawa, alhali fitila da ham suna aiki.

A FARA DA KUNNE

Kamar yadda muke gane saniya marar lafiya tun daga tafiyarta, haka ake gane cutar kik daga ƙararsa.

Na ɗaya, in an murɗa aka ji shiru, ko motsi babu: a duba kan batir, da makullin kansa, da siririyar wayar nan ta solonoid. Sau da yawa gargadar hanya ce ta zare ta.

Na biyu, in aka ji "ƙas-ƙas-ƙas" da sauri, ko inji yana juyawa da ƙyar kamar mai jin barci: wuta ce ba ta isa. Ko batir ya yi sanyi, ko kansa ya yi datti.

Na uku, in "ƙas" ɗaya ne mai ƙarfi sannan shiru: solonoid ya motsa amma babbar wuta ba ta wuce ba. Ko waya, ko bakin solonoid ya ƙone, ko burushin kik ya cinye.

Na huɗu, in kik yana gudu "wiiii" amma inji bai juya ba, ko ana jin gurzar ƙarfe: bendis ne ba ya kamawa, ko haƙoran filawil sun ci.

To, in kuwa inji yana juyawa da ƙarfinsa amma ya ƙi kamawa, a bar kik ya huta. Wannan maganar mai ce, ko fulogi, ko hita a motar dizal.

GWAJI BI DA BI

Ƙa'idar ita ce a fara daga mai araha zuwa mai tsada.

A kunna manyan fitilu, wani ya tsaya a gaba yana kallo, sannan a murɗa makulli. In fitilu suka dushe ko suka mutu, a fara zargin batir da kawunansa. In suka tsaya da haskensu, wuta ba ta kai ga kik ba ke nan, sai a bi makulli da solonoid.

A girgiza kawunan batir da hannu. In sun motsa, ko an ga farin gari ko kore a kansu, a kwance, a wanke da ruwan zafi, a kankare har ƙarfe ya yi haske, a ɗaure tam. A tuna, na ragi (–) ake fara kwancewa, shi ake mayarwa a ƙarshe. Kada a manta da wayar da ta tashi daga batir zuwa jikin mota da inji. In ta yi tsatsa, duk ɗaya ne da babu batir.

Wanda yake da mita, lafiyayyen batir a zaune yakan nuna wajen bolt 12.6. Lokacin bugawa bai kamata ya faɗi ƙasa da wajen 10 ba. In inji na aiki kuma, ya nuna wajen 14. In bai kai ba, altaneta ko fambel ne ba sa cika batir, kuma ko sabo aka saya gobe zai mutu.

IN AN TABBATA KIK NE

A kai wa riwaya, amma a tsaya a kansa a ce ya buɗe a gani. Abubuwan da suka fi lalacewa ƙanana ne: burushi, wanda a nan ake kira sharbon, da bushi, da bendis, da solonoid. Kowanne ana canza shi shi kaɗai. Sai in amaca ta ƙone, wadda za a ji ƙaurinta a ga ta yi baƙi, sannan ake maganar naɗi ko sayen wani. Tun faɗuwar darajar sefa a Janairun 1994, lokacin da kayan Turai suka yi tashin gwauron zabi, makanikanmu suka ƙware a irin wannan gyara. In za a sayi na hannu, a sa a jona shi da batir a gwada a gaban mai saye, kuma a gwama haƙoran bendis da na tsohon kafin a biya.

DABARUN DAJI

In abin ya faru inda babu riwaya, mutum ɗaya ya riƙe makulli a murɗe, wani ya ɗan ƙwanƙwasa jikin kik da ƙotar sanda. Sau da yawa burushin da ya maƙale yakan saki. A hankali fa, ba duka ba. In wannan ya yi aiki, gargaɗi ne, ba waraka ba.

Sai kuma turi: a buɗe makulli, a sa giya ta biyu, a taka kuloci, in ta ɗauki gudu a saki. Masu haɗa bakin solonoid da sukundireba kuwa, su tabbata mota tana firi, birkin hannu a ja, babu warin fetur. Mota takan zabura ta take mutum.

RIGAKAFI

Kada a riƙe makulli fiye da daƙiƙa 10 zuwa 15. A bari ya huce kafin a sake. Nacin bugawa shi ke ƙona amaca. A watannin Maris da Afrilu, da zafin Garwa ke haura digiri 40, ruwan batir yakan ƙafe da wuri. A riƙa dubawa, a ƙara ruwan batir na ainihi, ban da na rijiya. Da damina, in an keta mayo, laka takan shiga kik ta daskarar da bendis. A ajiye sifana mai lamba 10 da 13 da wayar jona batir a cikin mota.

Duk wanda zai kama hanyar Ngong, ko Bogo, ko ya tsallaka Mubi, ya gwada motarsa tun da yamma, ba da asuba ba. Kasuwa ba ta jiran kowa, kuma mun san abin da tsayuwar dare a daji take nufi ga mai ɗauke da kuɗin shanu. In ta fara yi maka "ƙas" a ƙofar gida, Alhaji, a nan za ka gyara ta. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.