Darasin Tarbiyya: Wane Irin Shugaba Ne Kai?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ɗalibai da iyayenmu masu karatu, darasinmu na wannan fitowa a kan muhasaba ne, wato mutum ya yi wa kansa hisabi game da yadda yake riƙon waɗanda ke ƙarƙashinsa. Kada wani ya ce ai shi ba sarki ba ne, ba gwamna ba ne. Manzon Allah (S.A.W.) ya sanar da mu cewa kowannenmu makiyayi ne, kuma za a tambaye shi abin kiwonsa. Monitan aji shugaba ne. Yarinyar da aka bar wa ƙannenta a gida shugaba ce. Haka maigida, haka uwargida. Hausawa kuwa sun ce laifi tudu ne, taka naka ka hango na wani. To yau namu za mu duba.

Misali daga Sahabbai

Sayyidina Abubakar (R.A.) mutum ne mai taushin zuciya, mai saurin kuka idan yana karatun Alƙur'ani. Sayyidina Umar (R.A.) kuwa an san shi da zafi da kwarjini. Bayan yaƙin Badar, shekara ta 2 bayan Hijira (624 Miladiyya), an kamo fursunoni 70. Da aka nemi shawara, Abubakar ya ce a karɓi fansa a sake su, Umar ya ce a kashe su. Kowa ya yi magana gwargwadon halinsa.

Amma ku dubi abin da ya faru da shugabanci ya hau kansu. Da Manzon Allah (S.A.W.) ya yi wafati a shekara ta 11 (632), wasu ƙabilu suka hana zakka. Umar ya fara da ja da baya game da yaƙarsu, sai mai taushin nan, Abubakar, ya tsaya ƙyam har Umar ya gane gaskiya tana tare da shi. Da Abubakar ya zo barin duniya a shekara ta 13 (634), ya zaɓi Umar, wasu sahabbai suka nuna tsoron zafinsa. Ya amsa musu da cewa Umar yana tsanantawa ne don yana ganin shi yana sassautawa, idan al'amari ya koma hannunsa zai rage. Haka kuwa aka yi. A shekarar yunwa ta Ramada, shekara ta 18, Umar ya haramta wa kansa man shanu da nama har launin jikinsa ya sauya, don kada ya ƙoshi alhali talakawa na cikin yunwa.

Darasin shi ne: kowannensu ya san halinsa, ya san inda halin yake da amfani, ya kuma san lokacin da zai danne shi. Ku tuna kuma da Abu Zarr (R.A.), wanda ya nemi a ba shi muƙami, Manzon Allah (S.A.W.) ya gaya masa cewa shi mai rauni ne, muƙami kuwa amana ce. Ga shi babban sahabi mai gudun duniya, amma wannan kaya ba nasa ba ne, kuma ya karɓi nasihar.

Yadda za ka auna kanka

Ka sami littafin rubutu. Kwana 7 a jere, bayan sallar Isha'i, ka amsa waɗannan tambayoyi 5 da gaskiya, domin babu mai duba maka sai Allah:

1. Yau da wani na ƙasa da ni ya yi kuskure, me na fara yi: tsawa, nasiha, ko kawar da kai?
2. Kafin in yanke hukunci, na saurari kowane ɓangare?
3. Na raba aiki, ko na rungume shi duka ni kaɗai?
4. Na ƙyale abokina a kan laifin da na kama wani da shi?
5. Abin da na sa wasu su yi, ni na yi shi?

Ran kwana na 8 ka karanta amsoshinka daga farko. Za ka ga abu ɗaya yana ta maimaita kansa. Wannan shi ne salonka.

Idan tsawa ce ta fi yawa, kai mai zafi ne. Aiki zai tafi da sauri a hannunka, amma yara za su riƙa ɓoye maka kuskure, har ƙaramar ɓarna ta zama babba. Maganinka shi ne jinkiri: kada ka hukunta kowa cikin fushi, ka zauna, ka yi alwala tukuna.

Idan kawar da kai ne ya fi yawa, kai mai sanyi ne. Za a so ka, amma mai ƙarfi zai danne mai rauni a gabanka. Monitan da ya ƙi rubuta sunan mai dukan ƙananan yara don kada a ji haushinsa, ya shiga cikin zaluncin. Ka koyi faɗin "a'a" ko da sau ɗaya a rana.

Idan kai ne mai rungume aiki, ka tuna hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yayar da ke yin shara da wanke-wanke duk ita kaɗai, ranar da aka kai ta ɗakin miji za ta bar ƙanne da ba su iya komai ba.

Idan kuwa kai mai yawan shawara ne, madalla, sai dai shawara tana da iyaka. An ji ta bakin kowa, to a yanke, a dogara ga Allah.

Tambaya ta 4 da ta 5 kuwa ba su da salo. Son kai da faɗa ba cikawa aibi ne ga mai zafi da mai sanyi baki ɗaya.

Sauran abu ɗaya: mutum ba ya ganin ƙeyarsa. Ka nemi mutum 2, ɗaya na sama da kai, ɗaya na ƙasa da kai, waɗanda ba za su yi maka daɗin baki ba. Ka yi musu tambayoyin nan game da kai, ka yi shiru har su gama. Inda maganarsu ta saɓa da abin da ka rubuta, nan ne gyara yake. Iyaye ma muna roƙonsu su gwada, su tambayi 'ya'yansu, babu raini a ciki.

Aikin gida: kowane ɗalibi ya rubuta salon da ya samu da gyara ɗaya da zai fara da shi, da boko ko da ajami, ya kai wa malamin ajinsa.

Allah Ya ba mu ikon riƙon amana. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.