DARASI: DAULOLI UKU DA IYAKAR JIBIYA

 

Ya ku 'yan'uwa samari, duk wanda ya tashi a Gangara ya san shingen Magama, ya san ana cewa nan Nijeriya, can Nijar. Da yawanku kun ɗauka Turawa ne kawai suka raba mu da mutanen Maraɗi. To, wannan rabin magana ce. Turawa sun tarar da bango a tsage ne, suka sa ƙarfe a cikin tsagar.

Daula ta farko ita ce ta Katsina ta sarakunan Haɓe. Kada wani ya ce muku zamanin duhu ne zalla. Fatake suna zuwa daga Agadas da Arewacin Afirka, malamai suna karantarwa. Shehu Magili ya zo Kano da Katsina wajen 1493. Wani Bakatsine, Muhammadu ɗan Muhammadu Alkashinawi, ya shahara a ilmin lissafi da taurari har Masar, ya rasu a Alƙahira a 1741, ko da yake ya cuɗanya lissafinsa da hatimai, abin da ba mu yarda da shi ba. Ciwon daular yana wajen mulki. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya lissafa shi a Kitabul Farƙi: harajin da shari'a ba ta sa ba, da gaisuwa ga masu mulki, da ƙwace dukiyar talakawa.

Daula ta biyu ta Sakkwato ce. An yi hijira zuwa Gudu a 1804, Katsina ta faɗa hannun Malam Ummarun Dallaji wajen 1807, Alƙalawa ta faɗi a 1808. Sarakunan Katsina da aka kora suka yi arewa, Ɗan Kasawa ya zauna Maraɗi, Gobirawa kuma suka kafa Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Shi ya sa sarautar Maraɗi take ɗauke da sunan Sarkin Katsina. Daga nan aka yi ta kai wa juna hari shekara da shekaru, ana ƙone garuruwa, ana kama mutane bayi, alhali ko'ina akwai masu salla. Ƙasar nan da muke nomawa tana tsakanin ɓangarorin biyu. Kuma ku sani, tun jihadi bai ƙare ba Malam Abdullahi, ƙanen Shehu, ya ga son mulki da son dukiya sun fara shiga jama'a, har ya kama hanyar gabas, mutanen Kano suka tsayar da shi, a can ya rubuta Liya'ul Hukkami. Wanda ya karanta tarihin Sakkwato ya tsallake wannan, wallahi bai karanta ba.

Sai ta uku, daular Turawa, Ingila da Faransa. A 1890 suka ja layi a takarda daga Say a bakin Kwara zuwa Barwa a bakin Tafkin Cadi, bisa sharaɗin duk abin da yake na Sakkwato ya zama rabon Ingilishi. Kun ga wayon? Sai Faransawa suka ce ai Maraɗi da Gobir ba su taɓa bin Sakkwato ba. Gabarmu ta zama hujjarsu. A 1898 aka zana da'ira mai nisan mil 100 daga birnin Sakkwato, Faransa ta ga ba ta da hanya mai rijiyoyi zuwa Damagaram, aka sake gyara a 1904 da 1906. A tsakanin nan Lugga ya ci Kano da Sakkwato a 1903, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi.

Ku lura da makaminsu. Ba bindiga mai ruwa kaɗai ba ce. Daga 1906 zuwa 1908 Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka bi ƙasar nan suna auna taurari da na'ura, suna kafa turaku har 148. Ilmin taurarin da Alkashinawi ya sani, shi aka auna gonakin kakanninmu da shi. Sannan kuɗi ya ƙarasa aikin: jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta koma bin teku, hanyar raƙuma ta mutu. Can aka ba su sefa a 1945, nan fam ya zama naira a 1973. Ɗan can ya karanta Faransanci, ɗan nan Ingilishi, a gida kuwa duka Hausa suke yi.

Tutocin Turawa sun sauka a 1960, turakun ba su tashi ba. Da gwamnatin Nijeriya ta rufe iyakoki a Agustan 2019, da kuma aka sake rufe wannan bayan juyin mulkin Yamai na 26 ga Yuli 2023 har zuwa Maris 2024, ba ministoci suka ji a jika ba. Direba ne, da ɗan dako, da mai kai dabba kasuwar Jibiya, da wanda mahaifiyarsa take Ɗan Isa ba lafiya.

Darasi na gaba zai ɗauki harajin da Shehu ya lissafa ɗaya bayan ɗaya, in Allah ya so.