Takunkumin Kare da Haƙƙin Yaran Unguwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon gardawa masu wasa da kura a bakin kasuwa ya san cewa, komai ƙarfin asirin da gardi yake taƙama da shi, komai yawan layun da ya ɗaɗɗaura a damtse, ba ya shigo da ita cikin jama'a sai ya sa mata takunkumi, ya kuma riƙe sarƙa tamau. Abin al'ajabi, mu da muke ja da baya daga kurar da aka riga aka ɗaure wa baki, mu ne kuma muke barin karnuka sake a lunguna inda 'ya'yanmu suke wasa, alhali kuwa rayukan da cizon kare ya halaka sun fi waɗanda kura ta ci nesa ba kusa ba.

Shari'a ta yi rangwame a ajiye kare saboda farauta, ko tsaron dabbobi, ko gadin gona, amma ba ta ɗauke wa mai shi alhakin ɓarnarsa ba. Malaman fiƙihu na mazhabar Malikiyya sun bayyana cewa wanda ya ajiye kare mai cizo, aka yi masa gargaɗi ya yi kunnen ƙashi, to lamunin abin da karen ya ɓata yana wuyansa. Saboda haka maganar nan da masu karnuka suka saba yi, wai "ai ba ya cizo, haushi kawai yake yi", ba hujja ba ce gaban alƙali, balle gaban Allah.

Yara su ne suka fi shiga wannan hatsari. Dubi almajiri da ya doshi zaure da ƙoƙonsa da sassafe, ko yarinya mai tallan ƙosai da ta ɗaga labule ta yi sallama: tsawonsu bai wuce inda bakin kare yake kaiwa ba, don haka cizon yakan same su a fuska ko a wuya, kuma da sun firgita sai su zura da gudu, gudun kuwa shi ne yake ƙara tunzura kare. Mafi muni, yaron da kwikwiyo ya yakusa a wajen wasa sau da yawa yakan ɓoye, don tsoron bulala. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum wajen 59,000 a kowace shekara, galibinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan huɗu cikin goma yara ne da ba su kai shekara 15 ba. Ƙwayar cutar tana cikin miyan kare. Idan ta shiga rauni sai ta bi jijiya sannu a hankali har ƙwaƙwalwa, wata biyu ko uku, wani lokaci ƙasa da haka idan cizon yana kusa da kai. Ranar da majinyaci ya fara razana da ganin ruwa, yana jin ƙishirwa amma maƙogwaro ya ƙi haɗiya, to magani ya ƙare, sai addu'a.

Ba a yau aka gane amfanin takunkumi ba. A ƙasar Ingila, a shekarar 1897, wani minista mai suna Walter Long ya tsananta dokar sa wa karnuka takunkumi da tsare waɗanda aka shigo da su daga waje. Masu karnuka suka yi masa ca, amma zuwa 1902 cutar ta ɓace daga ƙasar. Allurar rigakafin cutar kuwa tun 1885 Louis Pasteur ya gwada ta a Faransa, a kan wani yaro ɗan shekara tara, ya kuwa rayu. A nan gida ma, ma'aikatar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom, kusa da Jos, tana yin allurar rigakafin karnuka, wadda ya kamata a yi wa kowane kare shekara-shekara.

Baduku na iya ɗinka takunkumi, maƙeri na iya saƙa shi da waya. Sai dai a yi shi da yalwa kamar kwando, yadda kare zai iya buɗe baki ya yi haki, domin ta nan yake rage zafin jiki; ɗaure masa baki ƙam da tsumma cikin rana zalunci ne, shi ma kuwa dabba yana da haƙƙi. A sa masa idan za a fita da shi, a ɗaure shi da rana, musamman karya mai shayarwa.

Idan ƙaddara ta faɗa, a wanke raunin nan take da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, a garzaya asibiti a ranar, kada a tsaya ƙona gashin kare ana shafawa. Karen kuma a tsare shi kwana goma, likitan dabbobi ya duba shi. Ku kuma iyaye da malaman tsangaya, ku tara yaranku yau ku yi musu alkawari cewa duk wanda kare ya ciza ko ya yakusa, in ya zo ya faɗa, ba mai dukansa.