Wasiƙar Ajiye Aiki: Rabuwa da Shugaba Mai Wuyar Sha'ani

Gabatarwa

Wasiƙar ajiye aiki tana cikin rukunin wasiƙun hukuma. Wuyar rubuta ta takan bayyana ne idan malami zai bar makaranta saboda tsangwamar shugabansa, domin a irin wannan hali fushi yakan riga hankali kama alƙalami.

Dalilin Kame Harshe

Hausawa sun ce magana zarar bunu ce, balle wadda aka rubuta. Wasiƙar nan fayil za ta shiga, ta zauna shekaru bayan zuciya ta huce. Haka kuma, sabon wurin aiki yakan nemi shaidar hali daga shugaban da aka bari. Saboda haka ba a zuba ƙorafi a cikinta. Wanda aka zalunta sai ya rubuta takardar koke daban, ya miƙa ga hukumar makaranta ko ƙungiyar malamai ta NUT.

Wa'adin Sanarwa

Kafin rubutu, wajibi ne malami ya duba wa'adin da takardar ɗaukarsa aiki ta gindaya. Ga ma'aikatan da Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta shafa, sashe na 11 ya tanadi sanarwar kwana 1 ga wanda bai wuce wata 3 yana aiki ba, mako 1 ga wanda ya wuce haka amma bai kai shekara 2 ba, mako 2 daga shekara 2 zuwa ƙasa da 5, sai wata 1 daga shekara 5 zuwa sama.

Sigar Wasiƙar

(a) Adireshin marubuci, kwanan wata da adireshin hukuma.
(b) Kanun magana: Sanarwar Ajiye Aiki.
(c) Bayyana niyya da ranar aiki ta ƙarshe.
(d) Godiya a taƙaice, ba tare da habaici ba.
(e) Alƙawarin miƙa rajistar aji, makin ɗalibai da kayan makaranta.
(f) Sa hannu da cikakken suna.

Ya dace malami ya sanar da shugaba baki da baki tukuna, ya riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. In da hali, ya daidaita tafiyarsa da ƙarshen zangon karatu, don kada rikicin manya ya faɗa kan yara.

Aikin Yi

1. A rubuta wasiƙar ajiye aiki da ba ta wuce kalma 100 ba.
2. A bambanta ta da takardar koke.