Katin garanti daban, haƙƙinki daban

'Yata, na ji saƙon muryar da kika turo mini daren jiya. Sai da na saurara sau biyu, don a na farko kukan ya fi maganar yawa. Abin da na tsinta shi ne, firjin da kika saya da kuɗin adashinki sati biyar da suka wuce ya daina sanyi. Fitilar ciki tana kamawa, injin yana ƙugi, amma naman da kika ajiye ya yi wari har kin zubar. Kin koma shagon, yaron mai shagon ya juya katin garanti yana bin ƙananan rubutun da farce, ya ce kwamfiresa kaɗai kamfani ya ɗauka, kuma sai an kai Legas da kuɗin motarki. Da kika ce to a ba ki kuɗinki, sai ya nuna miki hatimin da ke ƙasan rasit, wai kayan da ya fita ba ya dawowa. Kika hau a-daidaita kika koma gida kina cewa haka Allah ya ƙaddara.

Ƙaddara gaskiya ce, ban ja da ke ba. Amma share hawayenki mu yi magana, don yaron nan ya haɗe miki abu biyu ne ya mai da su ɗaya, wataƙila ma shi kansa bai san biyu ba ne.

Garanti alkawari ne na kamfanin da ya ƙera kaya. Shi ya ga dama ya yi, shi ya tsara sharuɗɗansa, shi ya sa yake iya cewa shekara ɗaya ce, ko injin kaɗai, ko kuma in wani ya taɓa kusa ɗaya ya fita ruwansa. Kamar gyara ne da mai awo ke ƙara miki bayan ya cika mudu. Mudun kansa kuwa, da kuɗinki kika saya, ba alfarma ba ce. Wanda ya karɓi kuɗin firji, firji mai sanyi ya wajaba ya ba ki, ko akwai kati a cikin kwalin ko babu.

Wannan ba lallashin Kawu ba ne. A Najeriya akwai dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ita ce ta kafa hukumar FCCPC a madadin tsohuwar majalisar kare masu saye da aka kafa tun 1992. Sashe na 131 ya ba mai saye haƙƙin samun kaya mai kyau, mai aiki, marar aibi, wanda ya dace da abin da aka yi shi dominsa, kuma zai jure gwargwadon lokacin da hankali zai ɗauka. Sashe na 132 ya ɗora da cewa cikin wata uku da karɓar kayan, idan ya gaza, mai saye na iya mayar da shi ba tare da tara ba, ɗawainiyar kuma a kan mai sayarwa, shi kuma ya gyara, ko ya musanya, ko ya mayar da kuɗi. Ke sati biyar kika yi. Kuɗin motar Legas da ake neman ɗora miki ba kayanki ba ne, kuma ba ki san kowa a Legas ba. Mai shagon kika sani, shi kika miƙa wa kuɗi, shi kuma ya san dilansa. Shi ma hatimin nan na ƙasan rasit, tawada ce kawai. Dokar ta hana sharaɗin da zai sa mai saye ya sarayar da haƙƙin da ta ba shi, hukumar kuma ta sha faɗa cewa rubuta "ba a mayar da kuɗi" ba ya kare ɗan kasuwa idan kayansa na da aibi. Sai dai ki lura, mai saye don amfanin kansa dokar take karewa. Da sari kika yi don ki sayar, da maganar ta canza hanya.

Abin da yake ba ni mamaki shi ne yadda mutanenmu suke jin wannan kamar wani sabon abu daga Turawa. Mu da muka zauna a zaure muka biya babin ciniki a littafin Risala, mun san zaɓin aibi tun gemunmu bai fito ba: wanda ya sayi abu ya tarar da aibin da yake tun a hannun mai sayarwa, kuma ba a bayyana masa ba, yana da zaɓi, ya riƙe ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. Ki tuna hukuncin akuya ko raƙumar da aka ƙi tatsa don hantsarta ta cika ta ruɗi mai saye. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba wanda ya saya damar mayar da ita, ya haɗa da sa'i na dabino a madadin nonon da ya tatsa. Dubi adalcin: an kare wanda aka ruɗa, ba a kuma bar shi ya sha nonon mutane a banza ba.

To a nan zan juyo kanki, kada ki ce Kawu ya goya miki baya ido rufe. Kin sa wa firjin sitabilaiza? Na san wutar unguwarku, takan zo da haukanta tsakar dare. Idan ita ta ƙone shi, ko ya faɗo daga kan amalanke wajen sauke shi a ƙofar gida, ba aibin kaya ba ne, kuma ba halal ba ne ki ɗora wa bawan Allah asarar da ba shi ya jawo ba. Haka in na hannu ne aka sayar miki, aka ce ga matsalarsa kika ce kin ji kin gani. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ki tambayi zuciyarki tsakaninki da Allah kafin mu taka ƙofar shagon.

Ni ma na taɓa yin wautar da nake gudar miki. Shekarun baya na sayi fanka ta tsaye, kwana tara ta fara ƙauri. Maimakon in mayar, sai na kira mai gyaran bakin layi ya buɗe ta, ya warware waya, ya naɗe da salatif. Da na kai shagon, mai shagon ya ɗaga gindinta ya ga sawun sukundireba a kan kusoshin, ya dube ni ya ce, "Alhaji, ai an riga an shiga." Ban iya cewa uffan ba. Ta yaya zan tabbatar cewa da aibinta ta zo, alhali hannun wani ya bi ta ciki? Na ɗauki abata na fito.

Katin ma kada ki yar. Idan wata uku suka wuce, haƙƙinki bai mutu ba, amma hanyar takan yi tsawo, gardama ta yi yawa. A lokacin ne alkawarin shekara ɗaya yake rana, don ya fi sauƙi ki miƙa kati a gyara miki da ki tsaya kafa hujja. Ki haɗa shi da rasit a leda ɗaya, ki ɗauki hotonsu, don tawadar rasit ɗin injin nan takan goge kafin damina ta zagayo.

Yau ɗin nan ki ɗauki bidiyon firjin yana kunne, ki ɗauki lambar da ke manne a bayansa, ki nemo alat ɗin tiransifar da kika yi. Ki tura wa mai shagon kansa saƙo a WhatsApp, ba yaron ba, cikin ladabi: ranar da kika saya, ranar da ya tsaya, da abin da kike nema. Rubutu yana riƙe kwanan wata, maganar baki kuwa iska ce. Yawancin 'yan kasuwa masu tsoron Allah ne da gudun zubewar mutunci, in suka ga mutum ya san abin da yake yi sukan sauko. In ya ƙi, sai mu je wurin shugaban ƙungiyar layinsu. In nan ma abin ya faskara, akwai hukumar kare masu saye ta Jihar Kano, akwai ta tarayya, bayansu kuma ga kotu.

Gobe bayan azahar zan biyo in ɗauke ki, in sha Allahu. Ki gaya wa maigidanki tun da dare, in ya samu sarari mu tafi tare. Kwalin kuma, in yara ba su riga sun yi mota da shi ba, ki ɗaga shi sama.