Jak Ɗin da Ya Dace da Tirelar Kaya

Duk wanda ya bi hanyar Batsari zuwa Katsina, ko ta Safana zuwa Dutsin-Ma, da kaka, ya san abin da ke tafe a kanta. Ga tarakta na jan tirela shaƙe da buhunan dankali, ga a-kori-kura ta durƙusa da gero da dawa, ga amalanken shanu na bin gefe. Ran Alhamis kuwa, da kasuwar Batsari ke ci, abin sai ya ninka. Amma ka tsayar da direba ka ce ya nuna maka jak ɗinsa. Wani ba shi da shi sam. Wani kuma ya zaro maka ɗan ƙaramin na murɗawa, wanda ya gada daga wata tsohuwar motar gida, alhali kayan da ke bayansa sun fi wannan motar nauyi sau huɗu.

A wani wuri faci ɓata lokaci ne kawai. A ƙasar Ruma da Safana, inda ƙauyuka irin su Wagini da Runka ke maƙwabtaka da dajin Rugu, kowa ya san abin da 'yan bindiga suka jawo a shekarun nan, kuma ba mai son magariba ta riske shi a gefen hanya yana jiran a kawo masa aron jak daga gari. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana neman ta ga safayar taya da jak da sifanar kwance taya a cikin mota. To amma abin da aka ajiye don a nuna wa ma'aikaci daban, abin da zai ɗaga kaya daban.

Abu na farko shi ne lissafi, kuma ba ya buƙatar zuwa makaranta mai zurfi. Buhun hatsi cikakke kilo 100 ne ko kusa da haka, buhu goma ke nan tan guda. In ka loda buhu 40, ka ɗora tan huɗu. Sai ka ƙara nauyin tirelar ita kanta, a ce tan ɗaya, ya zama biyar. Gaskiya ne jak ba ya ɗaukar wannan duka, domin gefe guda kake ɗagawa, ɗaya tayar na ƙasa, tarakta kuma na riƙe da wani kaso ta wurin ƙugiya. A takarda, wajen tan biyu da rabi ne zai hau kansa. Sai dai kada ka sayi jak mai tan biyu da rabi. Masu lodi ba sa raba kaya da sikeli, hanya ba ta kwanta daidai, kuma tayar da ta sace ta riga ta karkato da nauyi wajenta. Shawarata ita ce ka nemi wanda lambarsa ta kai nauyin tirelar da kayanta gaba ɗaya. Mai tan biyar ya sayi na tan biyar ko shida, in ya samu na takwas bai yi asara ba. Lambar tana rubuce a jikinsa. Wanda aka goge masa lamba, ko aka shafe ta da sabon fenti, bar wa mai shi abinsa komai arharsa.

Na murɗawa, mai buɗewa da rufewa da zare a tsakiya, an yi shi ne don ƙaramar mota, kuma yawancinsa bai wuce tan ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba. Ya isa amalanke in an sauke kaya an kwance shanu. A ƙarƙashin tirela mai lodi kuwa, zaren kan cinye ko ƙafafun su lanƙwashe, kuma ba ya yin gargaɗi. Akwai dogon nan mai tayoyi da ake gani a garejin kanikawa. Yana da daɗin aiki a kan siminti, domin yana ɗagawa yana ɗan gangarawa gaba. A rairayi tayoyinsa kan nutse su kasa motsi, sai bakinsa ya zame daga inda aka kafa shi. Ga kuma nauyin ɗauka.

Wanda ya dace da aikinmu shi ne gajeren nan mai mai, mai siffar kwalba, da ake bugawa da sandar ƙarfe. Yana da kyau mai karatu ya san abin da ke cikinsa, domin wanda ya sani ba ya wulaƙanta shi. Wani masani Bafaranshe, Blaise Pascal, wanda ya rasu a 1662, shi ya bayyana cewa in aka matsa ruwan da ke kulle a mazubi, matsin yakan bazu ko'ina daidai. A 1795 Joseph Bramah ya yi injin matsa a kan wannan ƙa'ida a Ingila, a 1851 kuma Richard Dudgeon ya fito da jak mai aiki da ita, wanda ake iya ɗauka a hannu, a birnin New York. A ciki akwai ƙaramin famfo da babbar sanda. In filin kan babbar ya ninka na ƙaramin sau ashirin, ƙarfin da ka sa zai fito ninki ashirin, ga kuma abin da tsawon sandar bugu ta ƙara. Shi ya sa karen mota ɗan shekara goma sha biyar ke ɗaga abin da ƙarti ashirin ba za su motsa ba. Ƙarfin duka yana rataye ne a kan mai da 'yan robobin da ke tsare shi. Robar ta tsufa, mai ya sulale, kaya ya sauko.

A kan lamba da irin jak ne masu saye da yawa ke tsayawa, su ce sun gama, alhali saura awo, kuma awon nan ya fi lamba kayar da mutane. Taya in ta sace, aksul yakan sauko ƙasa da kusan taƙi guda. Jak mai tan goma, in ya fi ratar da ta rage tsakanin ƙasa da aksul tsawo, ba zai shiga ba, ya zama dutse ke nan a hannunka. Haka kuma wanda ya shiga dole ya iya miƙewa har sabuwar taya mai cike da iska ta samu wurin zama, ba iya fitar da tsohuwar ba. Saboda haka tun kana gida, ka sace iskar taya guda da gangan, ka auna daga ƙasa zuwa inda za ka kafa jak, ka yanki kara daidai wannan tsawo, ka tafi da shi wurin mai sayarwa. A kan irin wannan jak akwai zare da ake warwarewa da hannu don cike rata kafin a fara bugu. Ka duba yana juyawa. Sannan ka sa a ɗaga wata mota da shi a gabanka, a bar ta minti biyar. In ta sauka ko da kaurin yatsa, mayar.

Ƙasarmu jigawa ce a wurare da dama, da damina kuma laka. Gindin jak bai fi tafin hannu biyu ba, tan uku a kan wannan ɗan wuri sai ya huda ƙasa kamar turke. Don haka katako mai kauri da faɗi abokin jak ne, a ajiye su wuri ɗaya. Bulon siminti kuwa, ko kusa. Yana da rami a ciki, kuma fashewa yake yi farat ɗaya. An sha ganin masu jera duwatsu uku huɗu a ƙarƙashi don ƙarin tsawo, wannan ganganci ne.

Inda ake kafawa ma akwai magana. A sa bakin jak a ƙarƙashin shasi kusa da tayar, ko daidai inda sifirin ya zauna a kan aksul. Tsakiyar aksul a wasu tireloli bututu ne, in ya lanƙwashe tirelar za ta riƙa cin taya har ranar da aka canja shi. Ƙafar nan da ke gaban wasu tireloli, wadda ake saukewa in an cire su daga tarakta, ta tsayuwa ce kawai. Ko a Amurka, inda mutane ke jan ɗaki sukutum da gado da madafa a bayan mota suna yawon buɗe ido, ana yi musu irin wannan kashedi game da ƙafafun da ke hana ɗakin girgiza. Mai tirela mai aksul biyu a jere yana da wata sauƙi: in ya hau da lafiyayyar tayar kan tudun katakai, 'yar'uwarta mai faci takan tashi daga ƙasa ba tare da jak ba, in dai sifirin ɗin bai cika saki ba.

Kada a cire tirela daga tarakta ko mota lokacin aikin, domin ƙugiyar ce ke hana ta gudu. A ja burki, a sa waji gaba da bayan tayar ɗaya gefen. A sassauta notuna tun taya na ƙasa, don fizgar sifana a sama na iya ture jak. Masu Canter da wasu manyan motocin Japan su lura, notunan gefen hagu a yawancinsu a juye suke kwancewa, akwai harafin L a kan ƙusar. Yara da yawa sun ɗauka tsatsa ce suka yi ta hawa kan sifana har ƙusa ta karye. Da tirela ta tashi, a tura safayar ko gungumen itace ƙarƙashin shasi, kuma kada kowa ya sa kai ko ƙafa a ƙasa. Masu zama a kan buhuna su sauko tukuna, har da mai kayan, komai girmansa. In kaya ya fi ƙarfin jak, a sauke buhu goma. Wahalar rabin sa'a ce.

Wajen ɗaurewa a bi notuna a gicciye, wannan sannan na daura da shi, a ƙarasa ɗaurin bayan an sauke. Wanda ya canja taya a Batsari ya sake bin notunan da sifana kafin ya shiga Katsina, domin sukan saki bayan 'yar tafiya.

Saura ajiya. Jak mai mai a tsaye yake aiki, a tsaye kuma ya kamata ya kwana, da sandarsa a sauke har ƙasa don ƙurar hunturu kada ta ci robar. In mai ya ragu, a buɗe ɗan toshin roba da ke gefensa a ƙara man jak, ko irin wanda ake zuba wa hannun ɗagawa na tarakta. Man burki yana cinye robobin ciki, baƙin man inji kuma yana toshe ƙofofin da man ke bi. Kafin a fara jigilar kaka, a fito da shi a gwada a tsakar gida, da tirelar a lode.