Shin Mutum Na Iya Yi Wa Kansa Ƙarya?

Wani dillalin shanu a kasuwar Kara da ke Sakkwato ya aiko da tambaya. Ya sayar da sa, ya rantse lafiyarsa ƙalau, bayan kwana biyu ciwo ya bayyana. Ya ce lokacin da ya rantse, har zuciyarsa ya yarda da abin da ya faɗa. To, ya yi ƙarya ke nan?

Malam, na ji daɗin tambayar nan, domin mai mataccen imani ba ya yin irinta.

Ƙarya ita ce ka faɗi abin da ka san ba haka yake ba, don wani ya ɗauka gaskiya ne. Yaudarar kai kuwa ba a baki take farawa ba, a ido take farawa. Ka ga san ya ƙi taɓa dusa da safe, sai zuciya ta ce zafin rana ne kawai. Ba ka sake dubawa ba, saboda dubawar na iya cinye maka la'ada. Mutane da yawa na zaton mai yaudarar kansa bai san komai ba. A'a, ya san kaɗan, daidai gwargwadon da zai gane inda ba ya son kallo.

A 1957 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Leon Festinger, ya bayyana dalilin. Idan aikinka ya saɓa da yadda kake ɗaukar kanka, zuciya na takura, kuma gyara labari ya fi gyara aiki sauƙi. Tun kafin shi, Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya keɓe wa wannan cuta babi a littafinsa Ihya'u Ulumiddin. Ya kira ta gurur, wato ruɗin kai, ya kuma fara lissafin masu ita da malamai da masu ibada. Abin da ya fi ba ni tsoro ke nan: ilimi ba ya hana ta, sai ma ya ƙara mata hujja.

Saboda haka ban kira ka maƙaryaci ba, amma ban wanke ka ba. Gwada kanka da wannan: da kai ne mai saye, za ka tsaya a inda ka tsaya wajen bincike?

A fiƙihun Malikiyya, mai saye na da damar mayar da dabba idan aibin ya riga ciniki, ko da mai sayarwa bai sani ba. Ka nemi wanda ya sayi san, ka gaya masa abin da ka gani a safiyar cinikin.